Aure Ya Mutu, Haya Ba Ta Ƙare Ba

 Makon nan zancen kuɗin haya za mu yi, gama ya zama wata ƙofa da dukiyar mata ke fita ta cikinta ba su sani ba.

Kun san yadda zama ya koma a biranenmu. A dā in yarinya ta yi aure, gidan iyayen miji a ke kai ta, a yanka musu sashe ko a gina mata ɗaki a cikin gida, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce shekara ta cika. Yanzu kuwa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, balle Abuja, amare da yawa gidan haya a ke kai su. Masu gidajen kuma ba su son kuɗin wata wata. Na shekara guda cur su ke so a hannu tun ba su ba da mabuɗi ba, wani ma ya ce sai na biyu. Ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga wanda a ke ajiyewa saboda ɓarna. To, albashin mutum nawa ne zai ɗauki wannan kaya rana ɗaya? Saboda haka sa'ad da takarda ta iso, miji ya shigo fuska a murtuke, sau da yawa matar ce ke tashi ta buɗe akwati. Wata ta kwashi adashinta, wata ta sayar da ɗan kunnen zinariya, wata akuyoyin da ta bari a ƙauye, wata ta miƙa albashinta na koyarwa ko na asibiti. Wannan halin kirki ne, ba na hana kowa. Amma in Allah ya ƙaddara rabuwa bayan wata huɗu, sai ki ga mace ta koma ɗakin uwarta da 'yan kwanukanta, kuɗinta na wata takwas kuwa yana can wani yana kwana a cikinsa, wataƙila ma da amarya.

Kafin mu yi nisa bari in raba sunaye, don a zancen nan masu gida biyu ne. Wanda ya aure ki zan ce da shi miji. Wanda ya mallaki ginin kuwa zan ce da shi mai haya.

Abin da yawancinmu kan yi in abin ya faru, shi ne mu yafa gyale mu nufi wurin mai haya, mu ce ya mayar mana da kuɗinmu tun da mun fita. Kada ki wahalar da ƙafarki da wannan niyya. Haya ciniki ce, kun sayi zaman shekara guda, shi kuma ya sayar, ya ba da mabuɗi. Bai shiga tsakaninki da mijinki ba, ba shi ya ɗaura auren ba, ba shi ya kwance shi ba. Littafin Risala, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, ya nuna ko mutuwar ɗan haya ba ta warware haya, balle fa saki. Kotun majistare ma yarjejeniya za ta duba, in babu inda aka rubuta za a mayar da kuɗi ga wanda ya tashi don kansa, ba ta tilasta wa mai haya ya mayar.

Abin da ya rage tsakaninku da shi roƙo ne, roƙon kuwa yakan ci. In ku duka biyu za ku bar gidan, mai haya da yawa sukan yarda su karɓi mabuɗi, su sa wani, sa'an nan su mayar da kuɗin watannin da suka saura bayan sabon ɗan haya ya biya. Ba don tausayi kaɗai su ke yi ba. Kuɗin haya hawa ya ke yi, sabon shiga yakan biya fiye da na tsoho, dillali kuma ya sami wata la'adar. Amma fa ki lura, in ya tashi mayarwa, wanda sunansa ke kan rasit shi zai kira. In sunan miji ne kaɗai, to, hannun miji kuɗin zai shiga. Saboda haka kada ki jira. Tun da wuri wanki ko kawunki ya je ya sanar da mai haya, a gaban dillali, cewa akwai kuɗinki a ciki, a roƙe shi kada ya sallami kowa sai an zauna. Kada kuma ku sa wani a ɗakin ku karɓi kuɗinsa ba da izinin mai haya ba, gama yawancin takardun yarjejeniya sun hana wannan, kuna iya rasa ɗakin ku rasa kuɗin ajiya.

In kuwa miji ya ci gaba da zama a gidan, wanda shi ne ya fi yawa, to, bashinki yana wuyansa. Shi ke cin watannin, shi ke biya. Sai dai nawa zai biya, wannan ya danganta ga sunan da kuka sa wa kuɗin ranar da ya fita daga hannunki. A nan ne mata su ke faɗuwa.

Ku sani, a shari'ar Musulunci ba mace wurin zama nauyin miji ne, kamar ci da sha da tufa. Ko da matar ta fi shi arziki, nauyin bai sauka ba. Dukiyarta kuwa tata ce, aure bai haɗa aljihunsu ba. Saboda haka in kin ba shi kuɗin haya kin ce rance ne, ya karɓa a kan haka, bashi ne sosai kamar na kowane mutum. Ko auren ya mutu ko yana nan, ko an cinye shekarar ko ba a cinye ba, duka zai biya. Ba a lissafin wata a cikin rance.

Amma mace nawa ke buɗe baki ta ce rance? Abin da mu kan ce shi ne, "Ungo ka cika," ko kuwa, "Haba, ai duk ɗaya ne." Wata ma ba ta cewa kome, sai ta tura kuɗin ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo. To, malaman Malikiyya sun daɗe da duba wannan shiru namu. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda alƙalanmu su ke komawa gare shi, an nuna cewa in mutum ya auri mace mai gida ya zauna tare da ita a ciki, ko gidan nata ne ko haya ta kama, ba ta bin sa kuɗin zama sai in ta bayyana masa cewa zai biya. Dalilinsu shi ne, a al'ada irin wannan abu tsakanin miji da mata karamci ne. Kun ji fa. Shirun da ki ka yi don kunya, alƙali zai iya fassara shi kyauta. Kyauta kuwa in an ba da, an karɓa, ba a komawa a ce a dawo da ita don an yi faɗa.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe sarai ba. Malaman nan sun ce in mace ta ba mijinta dukiya domin zamansu ya ɗore, shi kuwa bai daɗe ba ya sake ta, tana da ikon karɓar abinta, gama abin da ta bayar dominsa bai samu ba. In an yi zama mai tsawo bayan kyautar, shi ke nan. In tsakatsaki ne, alƙali ya kimanta. Sai dai ke za ki nuna cewa don haka ki ka bayar. Misali, miji ya ce ba shi da kuɗin haya, sai dai ki koma gidanku har ya samu, ke kuwa ki ka sayar da zinariyarki don kada a raba ki da ɗakinki, mutane kuma suka ji an yi haka. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kada ki bari ta wuce ki.

Akwai kuma waɗanda tun farko tarayya suka yi, watau su biyu suka kama gidan, aka rubuta sunayensu duka a takarda, kowa ya ba da rabonsa. Wannan ya yawaita tsakanin ma'aikata. A nan ne a ke ɗaukar alƙalami a yi lissafi, kuma ina so 'yan makaranta su yi shi tare da ni, don in uwa ko yaya ta shiga wannan hali su iya taimaka mata.

A ce haya naira 600,000 ce a shekara. Raba ta 12, kowane wata ya tashi 50,000. A ce kin ba da rabi, watau 300,000, aka zauna wata 4, sa'an nan aka yi saki. Wata 4 ɗin nan an cinye su kuna tare. Rabonki a cikinsu 100,000 ne, in ba ki ce rance ba ne ki ɗauka ya tafi. Saura wata 8, kuɗinsu 400,000, rabinsa naki, 200,000 ke nan. Wannan ne abin da za ki nema in shi ya riƙe gidan. In da rance ki ka ce tun farko, 300,000 ɗin duka za ki nema. In kuwa shiru ki ka yi, sunanki kuma ba ya ko'ina, kina iya tashi da 200,000, kina iya tashi da abin da bai kai ba, kina iya tashi hannu wofi, gwargwadon shaidarki da ganin alƙali. Kalma ɗaya da aka faɗa ko aka haɗiye ran biya ita ce ta raba waɗannan.

La'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, ki cire su daga ranki, an yi aikin an ci. Amma kuɗin ajiya na ɓarna ana mayarwa ran da aka bar gida in ba a lalata kome ba, saboda haka in da hannunki a ciki, a sa shi cikin lissafi. Haka nan in ke ki ka sayi tankin ruwa ko ki ka sa ƙarfen taga. Abin da a ke iya cirewa ki cire, wanda ya manne da gini a yi masa kuɗi.

Wataƙila wata ta tambaya, don me na fara ƙirga daga ranar saki, alhali kuwa akwai idda? Madalla da tambaya. Idda a gidan aure a ke yin ta, Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita. A mazhabar Maliku matar da aka tare da ita tana da haƙƙin wurin zama har iddarta ta cika, ko sakin na kome ne ko na uku, kuma miji ne ke ɗaukar nauyin. Tsarki uku ne ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuwa sai ta haihu. Saboda haka ba shi da ikon ya ce a cire kuɗin watannin idda daga rabonki don kin zauna. Zaman nan haƙƙinki ne a kansa.

A nan kam ina da magana da iyaye. Al'adar nan tamu ta kwashe yarinya daren da aka ba ta takarda, a turo mota da safe a kwance gado a tattara kwanuka, ba ta jawo mana kome sai hasara. Ta toshe hanyar kome, ta kuma bar wa miji gida fayau da kuɗin 'yarku a ciki. Na sani zuciya ba ta da ƙashi, na kuma sani akwai gidan da zama cikinsa ya zama haɗari, inda a ke duka ko barazana. Irin wannan a fita tukuna, rai ya fi haya, lissafi ya biyo baya. Amma in ba haka ba ne, a bar ta ta yi iddarta a ɗakinta. In an yi kome, alhamdu lillahi, ba sauran zance. In ba a yi ba, ga wata uku an samu na tattara rasit da neman shaidu cikin natsuwa. Ki kuma tabbata takardar saki tana da kwanan wata, gama daga ranar ce lissafi ke tashi.

Mai takaba ma tana da nata. Risala ta nuna matar da mijinta ya rasu tana da haƙƙin zama a gidan har wata huɗu da kwana goma su cika, in gidan nasa ne ko kuwa ya riga ya biya hayarsa. Saboda haka 'yan'uwan mamaci ba su da ikon zuwa ran sadakar bakwai su ce ta tashi za su karɓi ragowar kuɗin a wurin mai haya. In kuma rance ta ba marigayin, ta faɗa tun kafin a raba gado, gama bashi a ke fara fitarwa.

To, yanzu sai shaida, wadda ita ce ƙashin bayan maganar duka. Ƙa'idar kotun Musulunci sananniya ce, mai ƙara ke kawo shaidu, wanda ya yi musu kuma a ba shi rantsuwa. In kin je hannu rabbana, miji ya ce kyauta ce ko ya ce bai karɓi kome ba, ya rantse, an gama. A sha'anin kuɗi ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. Malikiyya sun ƙara sauƙi, sun yarda da shaida ɗaya namiji tare da rantsuwar mai ƙara, ko mata biyu tare da rantsuwar. Amma ga abin da mata da yawa ba su sani ba sai a gaban alƙali: uwa da uba ba su yi wa ɗansu shaida, ɗa kuma ba ya yi wa iyayensa. Ke kuwa wa ki ka gaya wa ran da ki ka ba da kuɗin? Innarki. Ita kaɗai. Ga ta nan zaune a bayan kotu tana sane da kome, ba a tambayarta. Saboda haka ki tuna da wasu. Uwar adashi ta san ranar da ki ka kwasa da abin da ki ka ce za ki yi da shi. Mai sayen zinariya yana da littafi. Dillali ya ga hannun da ya ƙirga kuɗin. Maƙwabciya ta ji sa'ad da a ke cewa za a biya ki in an yi albashi.

Zamani kuma ya kawo mana wani mashaidi wanda ba ya mantuwa, watau banki. In za ki taimaka, kada ki je wurin mai POS ki ciro kuɗi ki damƙa hannu da hannu, wannan ba ya barin sawu. Ki tura daga asusunki, in da hali kai tsaye zuwa asusun mai haya, a wurin da a ke rubuta dalili kuma ki sa "rancen haya" ko "rabona na haya". Waya takan ɓata, saƙo yakan goge, amma banki zai ba ki takardar shige da ficen asusunki in kin nema. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yarda a gabatar da abin da ya fito daga na'ura a gaban kotu in an cika sharuɗɗanta. Saƙon da ya aiko miki ta WhatsApp yana cewa ki ranta masa, kada ki goge shi cikin fushi. Na san hannu yakan yi ƙaiƙayi a share duk abin da ke da sunansa, amma a bar wannan ɗaya.

Wata za ta ce, haba, yaya zan ce wa mijina ya rubuta mini takarda, ai sai ya ce ban yarda da shi ba. To, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuma ware miji da mata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Namijin da ya yi niyyar biya, rubutu ba ya ƙona shi. Ni a ganina ma rubutun yana kare shi, don kada gobe a ce 300,000 ce alhali 200,000 ya karɓa.

Batun rasit kuma, ki roƙa a sa sunayenku biyu in da kuɗinki a ciki. 'Yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba su sani, dokar haya da jihar Legas ta kafa a 2011 ta wajabta wa mai haya ya ba da rasit mai ɗauke da suna da adadin kuɗi da lokacin da aka biya wa, ta kuma hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da wasu unguwanni kaɗan irin su Ikoyi da Apapa. Na zangon Kumasi da Nima a Ankara kuwa, dokar haya ta Gana ta 1963 ta tsayar da abin da za a karɓa gaba ɗaya a kan wata shida, ko da ya ke masu gidaje sukan nemi na shekara biyu, mutane kuma su biya don ba yadda za su yi. Duk inda aka biya kuɗi mai yawa gaba, nan hasarar mace ta fi girma in an rabu.

In kuwa sunanki ne kaɗai a kan takarda, ki ka fita ki ka bar shi ciki, to, akwai wani haɗarin dabam. A idon mai haya har yanzu ke ce 'yar haya. In shekara ta cika miji ya ƙi tashi ya ƙi biya, in ya tara kuɗin wuta da na ruwa, in ya fasa ƙofa, ke za a nema. Saboda haka ki rubuta wa mai haya cewa kin fita ran kaza, ba za ki sabunta ba, ki riƙe kwafi. In ya yarda ya mayar da hayar da sunan mijin, a yi haka bayan an biya ki, ba kafin ba.

Yaya a ke neman kuɗin? Kada ki fara da kotu, kada kuma ki fara da zagi a waya. Waliyyinki ya sami waliyyinsa, a zauna, a ajiye lissafin a rubuce. Maza da yawa in manya suka zauna musu sukan ji kunya su amsa. In ya ce ba shi da shi yanzu, wannan ba ƙarya ba ce koyaushe, gama wanda ya kasa cika haya ba lalle ya sami 200,000 rana ɗaya ba. A yanka masa wata wata, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. In wannan bai yi ba, ga mai unguwa, ga limami. A Kano ga Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana zaman sulhu tsakanin ma'aurata. In duk an gaza sai kotun shari'a, ko kotun yanki a inda ita ce ke akwai, a yanko sammaci. Ba tilas sai da lauya ba. Wadda ta ke son shawara ba ta da kuɗi ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. 'Yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista kuwa, babbar kotu ce ke raba aurensu a ƙarƙashin dokar 1970, tana kuma da ikon duba dukiyar da ke tsakani, saboda haka su gaya wa lauyansu zancen hayar tun ran shigar da ƙara.

Mai neman hul'i ta buɗe kunne da kyau. Sa'ad da mace ta gaji, burinta kawai a ba ta takarda, kome aka ce ta yafe sai ta ce ta yafe. A rubuta cewa ba ta bin sa kome, ta dangwala hannu, ta fito tana murna. Bayan mako biyu ta tuna da kuɗin haya, ihu bayan hari ke nan. Kafin ki amsa, ki ce a karanta miki. In sadaki ne za ki mayar, a ce sadaki. In kina bin sa rancen haya, a faɗi adadinsa a wurin, a cire wannan daga wancan. Sau da yawa ma za ki tarar abin da ki ke bin sa ya fi sadakin da ya ke nema.

Amma kuma in kin san a ranki kyauta ki ka ba shi, kin faɗa da bakinki kin ce don Allah, kada fushi ya kai ki ki rantse a kan rance. Ki nemi abin da shari'a ta ba ki ta ƙofar da na ambata a baya, in ta buɗe, ki bar sauran.

Saura ku 'yan makaranta. Kada ku ce wannan zancen matan aure ne. Nan da shekara kaɗan waɗansunku za su tafi jami'a ko kwalejin ilmi ko bautar ƙasa, ɗakin kwanan makaranta ba ya isa, sai ku biyu ko uku ku haɗa kuɗi ku kama ɗaki a Samaru ko Kabuga. Ƙawance kuwa yakan ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, sabulu ko baƙi ko wanke-wanke. A ce ɗakin 240,000 ne, kowa ta ba da 120,000, watau 10,000 a wata. Bayan wata 5 aka ɓata, ɗaya ta tattara kayanta. Saura mata 70,000 a ɗakin. Wa zai biya ta? In kora ta aka yi, ko aka canja kwaɗo, wadda ta kore ta ita ke biya. In don kanta ta tashi, ba ta da bakin tilasta wa ta zaune ta sayi rabin ɗakin da ba ta nema ba. Hanya ita ce a sami wata ta maye gurbi, wadda ta zaune ta yarda da ita, mai haya kuma ya yarda, sabuwar ta biya mai fita. In ta zaune ta ƙi kowa, ta fi son ta miƙe ƙafa ita kaɗai, to, ta zaɓi ɗakin duka, sai ta biya 70,000 ɗin. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai ƙananan kotunan bashi. Ta Kano an buɗe ta a 2019, sa'an nan tana karɓar ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, da nufin a gama cikin kwana 60, mutum kuma yana iya tsayawa da kansa.

Ga yadda za a rubuta 'yar takardar, ko tsakanin miji da mata ko tsakanin ƙawaye, ba ta wuce layi huɗu: "Yau ran kaza ga watan kaza, ni wane na karɓi naira kaza daga hannun wance, rance, domin biyan hayar gida mai lamba kaza daga wata kaza zuwa wata kaza. Zan biya ran kaza." In tarayya ce, a sa "rabonta" a wurin "rance", a ƙara cewa wanda ya riƙe gidan zai biya wanda ya fita kuɗin watannin da suka saura. Ku sa hannu, shaidu biyu waɗanda ba iyayenku ba su sa nasu. Ki ɗauki hotonta da waya, ita kanta takardar kuwa ki kai ta gidanku a ajiye, kada ki bar ta a ƙarƙashin katifar ɗakin da a ke gardama a kansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kayan ɗaki, wane ne na amarya, wane ne na ango, da yadda a ke yi da firij da talabijin ɗin da aka haɗa kuɗi aka saya. Ku huta lafiya.